Kobo ɗaya a kowane kilo: inda lissafin kwamfuta ke yoyo

Ma'ajin wata ƙungiyar manoma shinkafa a fadamar Argungu ne ya fara kiran manhajata ɓarauniya, kuma a kan idona ya faɗa. Dattijo ne da ya daɗe yana riƙe da littafin ƙungiya, biro ɗaya a aljihu, ɗaya a maƙale a hula. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, ƙungiyoyi irin tasu suka shiga neman wanda zai rubuta musu 'yar manhajar da za ta riƙe sunayen mambobi, da nauyin shanshera, da abin da za a cire wa kowa. Ni na rubuta musu tasu. Ƙa'idarsu ita ce duk kilon da aka sayar ta hannun ƙungiya a cire naira 4.35 a zuba asusu. Ran nan ya shigo, ya ajiye littafinsa gefen kwamfutar, ya danne shafin da yatsa.

"Injiniya, wagga na'ura taka ɓarauniya ta. Kowace mota ɗari ukku ka ɓacewa."

"Haba Baba, kwamfuta ai ba ta kuskuren lissafi," na ce masa, da ƙarfin gwiwar wanda bai duba ba.

Shi ke da gaskiya. Mota mai tan 30, kilo 30,000 ke nan. A littafinsa naira 130,500, a allona naira 130,200. Abin haushin, ni a nawa tunanin dabara na yi. Na ji an ce kuɗi a kobo ake ajiye shi, sai na sa manhajar ta ninka 4.35 sau 100, ta ɗauki cikakkiyar lamba ta yar da abin da ke bayan ɗigo. Duk mai Python ko JavaScript, harsunan rubuta manhaja, a kusa ya gwada: 4.35 sau 100 ba 435 ke fitowa ba, 434.99999999999994 ke fitowa. Na datse wutsiyar, ya rage 434. Kobo ɗaya ya tafi a kowane kilo. Giɓin da ke tsakanin amsar na'urar da gaskiya bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan goma na kobo ba, amma da yake a bakin gaɓa ya faɗo, almakashina ya mayar da shi kobo sukutum, kilo 30,000 kuma suka mayar da shi naira 300.

Me ya hana na'ura riƙe 4.35 yadda take? Ni a rabon gado na fi ganin amsar. Wani kawuna da ya yi karatun zaure a Gwandu shi ya fara biya mini rabe-raben nan shida: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Ɗauki biro ka rubuta su da ɗigo. Rabi 0.5, rubu'i 0.25, sumuni 0.125, duk sun ƙare lafiya. Sulusi kuwa 0.3333 ne har takarda ta ƙare, sudusi 0.1666 haka nan. Dalili shi ne mu da goma-goma muke ƙirga, goma kuwa 2 sau 5 ce, don haka kason da ƙasansa ya ƙunshi 2 da 5 kaɗai shi ke tsayawa. Kwamfuta ta fi mu talauci. Da biyu-biyu take ƙirga, ba ta da 5. A wurinta rabi da rubu'i da sumuni cif suke zama, amma ɗaya bisa goma ya koma irin sulusinmu: 0.000110011001100 haka nan ba iyaka. Dole ta yanke a wani wuri. Abin da take ajiyewa in ka rubuta 0.1 shi ne 0.1000000000000000055511 da ɗoriya. Cikin kobo 1 zuwa kobo 99, in aka rubuta su a matsayin ɓangaren naira, uku kacal take iya riƙewa daidai: 25, da 50, da 75. Sule ma, kobo 10 ɗin nan da iyayenmu suka ci gaba da kira da tsohon sunansa bayan zuwan naira a 1973, ya gagare ta. Fam ɗin da aka bari kwabo 240 ne a cikinsa, yana rabuwa sulusi da sudusi da sumuni babu saura. Wannan dai zancen wata rana ne.

Shi ya sa 0.1 a tara da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004, shi ya sa in ka tara 0.1 sau goma ka samu 0.9999999999999999. Manhajar da aka ce ta rufe bashi idan abin da aka biya ya yi daidai da abin da ake bi, sai ta ci gaba da bin manomi bashin da ido ba ya gani.

Malaman gado ba sa faɗa wa wannan ramin, domin ba sa rubuta sulusi da ɗigo tun farko. Asalin mas'ala suke nema. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji: sumuni da sudusi sun haɗu, asali 24 ke nan, mata 3, uwa 4, ɗa 17. Kowa da cikakkiyar lamba, ba abin da ya zube. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To me ya sa masu ƙera kwamfuta ba su tsaya a cikakkun lambobi ba? Saboda duniya ba kuɗi kaɗai ba ce. Injiniyan da ke lissafin ruwan dam yana hulɗa da biliyoyi, mai harhaɗa magani yana hulɗa da ɗaya bisa miliyan, wani lokaci a lissafi guda. Sai aka yi dabarar da ake kira ɗigo mai yawo. A sauƙaƙe, kowace lamba tana ɗauke da abu biyu: girman mudun da za a auna ta da shi, da yawan awon. Mai sayen zinare a Anka da mai sikelin mota a masarrafar shinkafa duk awo suke, amma na farko yana kallon ɓangaren giram, na biyu ko kilo goma bai dame shi ba. Ɗigo mai yawo yana canza mudu da kansa gwargwadon girman abin da aka kawo masa. A tsarin da kusan kowace waya da kwamfuta ke bi yau, babban nau'in yana da gurbi 64, kowane gurbi 0 ko 1 kaɗai yake ɗauka: ɗaya na nuna sama da sifili ko ƙasa, 11 na girman mudu, 52 na awon kansa, wanda ya kama lambobi 15 zuwa 16 a ƙirgarmu. Ƙaramin nau'in gurbi 32 ne, 23 daga ciki na awo, lambobi bakwai ke nan ko kusa da haka. A harsunan C da Java sunan babban double, ƙaramin float.

A nan ne abin da ɗalibai suka fi mantawa yake. Tunda yawan lambobin a ƙayyade yake, mudu kuma na girma, tazarar da ke tsakanin lamba da maƙwabciyarta ma girma take yi. A mai gurbi 32, wajen naira miliyan ɗaya, takun da ke tsakanin lambobi biyu ya ɗara kobo 6. Da ka kai 16,777,216, ƙara 1 ba ya motsa komai; ka ƙara sau dubu, tana nan inda take. Wajen naira biliyan ɗaya takun ya zama naira 64. Ka zuba naira 30 a kan biliyan, ta shige kamar an jefa tsakuwa a Gulbin Rima. Mai gurbi 64 ya fi nisa nesa ba kusa ba, amma shi ma yana da bango: daga 9,007,199,254,740,992 ya daina sanin ƙarin 1. Wanda ya taɓa shigar da lambar katin banki mai lambobi 16 a Excel ya ga ta ƙarshe ta koma sifili, ɗan'uwan wannan bangon ya ci karo da shi, domin Excel lambobi 15 yake riƙewa. Lambar kati da ta waya da ta asusu suna ne, ba adadi ba, a matsayin rubutu ya kamata a ajiye su.

Kafin 1985 kowane kamfani da nasa mudun. Na IBM daban, na DEC daban, na Cray daban, manhaja guda ta ba da amsa uku a na'ura uku. Ƙa'idar IEEE 754, wadda ta tsara yadda kwamfuta za ta riƙe ɗigo mai yawo, ita ce ta haɗa kan kasuwar a shekarar, kuma wanda ya fi kowa hannu a ciki shi ne Wiliyam Kahan na jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, wanda ya samu lambar yabo ta Turing, wadda ake ba masana kwamfuta, a 1989. Alkawarin ƙa'idar ƙarami ne amma mai ƙarfi: a tarawa, da ɗebewa, da ninkawa, da rabawa, da tushen murabba'i, na'ura za ta ba ka lamba mafi kusa da amsar gaskiya cikin lambobin da take da su. In amsar ta faɗo tsakiyar biyu cif, ta ɗauki wadda ƙarshenta cika ce, wato mai rabuwa biyu babu saura, kada kullum a riƙa karkata gefe guda. A mai gurbi 64 wannan na nufin kuskuren aiki ɗaya bai wuce kusan kashi ɗaya cikin tiriliyan 9,000 na girman amsar ba. Da za ka auna tazarar Birnin Kebbi zuwa Legas da irin wannan daidaito, kuskurenka ba zai kai kaurin ƙwayar cuta ba, ko kusa.

Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare. Da aiki ɗaya ake yi da ta ƙare. Alkawarin na kowane taku ne shi kaɗai, babu wanda ya yi alkawari a kan tafiyar. Duk fannin nazarin kuskuren lissafi a kan wannan giɓin ya ginu: an san kowane taku yana ɗan kauce, tambayar ita ce ina za a tsinci kai bayan taku miliyan.

Kowa ya san bambancin mai awon da wani lokaci hannunsa ke ɗan cikawa wani lokaci ya ɗan rage, da wanda kullum yake shafe bakin mudu da babban yatsa a ciki. Na farko kurakuransa suna cinye juna. Bisa ƙiyasi, bayan awo miliyan ɗaya abin da ya taru bai wuce kwatankwacin kuskure dubu ba. Na biyu kuwa miliyan ɗin nan cur zai taru, gefe guda. Datse wutsiyar lamba irin awon na biyu ne. Kasuwar hannun jari ta Bankuba a Kanada ta buɗe wani ma'auninta a 1982 a kan 1000. Duk cinikin da aka yi sai a sake lissafa shi, kusan sau 3,000 a rana, a bar lamba uku bayan ɗigo a datse sauran. Kasuwa na ci, ma'auni na ramewa, har ya sauka 524.811 a watan Nuwamban 1983. Da aka sake lissafin yadda ya dace a ƙarshen mako, sai ga shi 1098.892. Wata 22 ana kallon lambar ƙarya. Laifina da nasu uwa ɗaya uba ɗaya, nawa dai Allah ya haɗa ni da dattijo mai littafi.

Wanda ya fi muni a Dahran ta Saudiyya ya faru, ranar 25 ga Fabrairun 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha. Na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot tana ƙirga lokaci da ɗaya bisa goma na daƙiƙa, sulen nan dai da bai zama a lissafin biyu-biyu. An guntule shi a gurbi 24, kowane bugu yana rasa kusan 0.000000095 na daƙiƙa. Na'urar ta yi awa 100 ba a kashe ta ba, bugu 3,600,000 ke nan, agogonta ya kauce da kusan 0.34 na daƙiƙa. Makamin Scud yana cin kimanin mita 1,676 a daƙiƙa, don haka ta leƙa neman sa fiye da rabin kilomita daga inda yake, ba ta gan shi ba, ba ta harba ba. Sojojin Amurka 28 suka mutu. A gaskiya ɗigon wannan na'ura kafaffe ne, ba mai yawo ba, amma ciwon ɗaya ne. Wani abin lura kuma: an riga an gyara lissafin lokacin a wani sashe na manhajar an bar wani, sai kurakuran da da za su kashe juna wajen ɗebewa suka daina haɗuwa. Gyaran rabi ya taimaka wa ɓarnar.

Ni dai ɗebewa na fi tsoro, fiye da tarawa, domin ita ba ta buƙatar taku miliyan. Taku ɗaya ya ishe ta.

Je ka masarrafar shinkafa ka tsaya wajen sikelin mota. Wanda na sani da kilo 20-20 yake tafiya, wato kowane awo na iya kaucewa da kilo 10. Mota ta hau da kaya, 42,360. Ta sauke ta dawo, 12,340. Shanshera kilo 30,020, kuskure bai wuce kilo 20 ba, ɗaya cikin 1,500. Ba mai faɗa a kan wannan. Yanzu a ce wani mai gardama yana son sanin nauyin buhu ɗaya da wannan sikelin. Aka auna mota, 42,360, aka ɗora buhun aka sake, 42,440. Buhu kilo 80, in ji lissafi. Amma kuskuren nan na kilo 20 yana nan bai ragu ba, yanzu kuwa rubu'in amsar ne. Sikeli bai lalace ba, ɗebewar ma daidai aka yi ta. Abin da ya faru, manyan lambobin gaba, waɗanda aka tabbatar da su, sun kashe juna, aka bar mu da na baya waɗanda tun asali ƙiyasi ne. Haka yake a na'ura. In lambobi biyu sun yi kusa da juna, ɗebewarsu ba ta ƙara ko ƙwayar kuskure, tona asirin kuskuren da aka shigo da shi take yi. Na'ura kuma ba ta jin kunya: za ta cika maka allo da lambobi 16, alhali biyu ko uku ne masu ma'ana.

Na ga wannan da idona a wajen wani ƙanena da ke aikin auna gonaki da GPS. A ma'aunin taswira na mita, gona a kewayen Birnin Kebbi tana da lambar gabas kimanin 630,000, ta arewa kimanin 1,377,000. Sananniyar hanyar fitar da faɗin fili daga kusurwoyinsa ita ce a ninka gabas ta wannan kusurwa da arewa ta mai bi mata, a ɗebe akasin haka, a zagaye filin ana tarawa, a raba biyu. A takarda babu aibu. Amma 630,000 sau 1,377,000 ya haura biliyan 867, kuma manhajarsa mai gurbi 32 ce. A wannan girman, takun da ke tsakanin lamba da lamba 65,536 ne. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Wato yana auna gona mai hekta ɗaya da mudun da ko bayan an raba biyu ya fi hekta uku. Wata gonar ta fito sifili, wata ta fito ta fi ta sarkin noma.

"Yaya, ko GPS ɗin ne ya samu matsala?"

GPS lafiyarsa lau. Na ce ya ɗauki kusurwa ɗaya ya mai da ita mafari, ya ɗebe lambobinta daga sauran kafin ya ninka komai. Lambobin suka dawo 'yan ɗari ko ƙasa, ninkinsu 'yan dubbai, amsa ta fito daidai har ƙasa da abin da GPS ɗin kansa ke iya rantsuwa a kai. Na'ura ɗaya, gurbi 32 ɗin nan dai, layi biyu aka sauya. Da ya koma mai gurbi 64 ma da ya tsira a wannan karon, kuma ina ba da shawarar a fara da shi a kowane aiki sai in da dalili. Sai dai wanda ya saba maganin kowace matsala da ƙarin gurbi, ranar da ya haɗu da wadda ta fi gurbinsa ba zai san ya haɗu da ita ba. Irin wannan tarkon na cikin hanyar da ake koya wa 'yan makaranta ta auna bambancin alƙaluma, inda ake tara murabba'ai a ɗebe murabba'in jimla: in alƙaluman manya ne kuma kusa da juna, tana iya ba da amsa ƙasa da sifili, abin da lissafi ya haramta.

Labarin gonar nan ya kawo mu ga rarrabewar da nake ganin ita ce zuciyar fannin. Wani lokaci hanyar ce gurguwa, tambayar lafiyayya, kamar faɗin gona. Wani lokaci kuwa tambayar ce da kanta ba ta da ƙashin baya. A ce iyakokin gona biyu sun tafi kusan kafaɗa da kafaɗa, ana son sanin inda za su haɗu can gaba. Ka gusar da turke ɗaya da taƙi guda, mahaɗar ta yi tsalle da mita ɗari. Babu manhajar da za ta cece ka, domin raunin ba a lissafi yake ba. Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila, ya ba wannan rauni ma'auni a 1948, lamba ɗaya da ke faɗin sau nawa ƙaramin motsi a abin da aka shigar ke kumbura a amsa. Ƙiyasin masu aikin shi ne, in lambar nan ta kai miliyan, ka sallama lambobi shida daga cikin 16 ɗinka. In ta kai tiriliyan, ka sallama 12.

Jems Wilkinson, wanda ya yi aiki tare da Turing a Ingila kuma ya samu lambar Turing a 1970, shi ya juya tambayar ta yadda ta zama mai amsuwa. Bin kowane kuskure gaba-gaba har ƙarshe aiki ne mai gajiyarwa, kuma yakan ba da iyaka mai firgitarwa fiye da abin da ke faruwa a zahiri. Sai ya ce a duba ta baya: amsar da na'ura ta bayar, amsar gaskiya ce ta wace tambaya? In ta kasance amsar tambayar da ta bambanta da tawa da ɗan abin da bai kai kuskuren awona ba, hanyar ta fita, sauran laifi na tambayar ne. Shi kansa ya sha mamaki da wani lissafi mai amsoshi 20, daga 1 zuwa 20. Ya taɓa ɗaya daga lambobin cikinsa, 210, da abin da bai wuce 0.00000012 ba, sai amsar da take 20 ta koma kusan 20.8, goma daga cikin amsoshin kuma suka bar layin lambobi na zahiri gaba ɗaya.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Aliero ko Gusau ba sai ya zama Wilkinson kafin ya binciki manhajarsa ba. Abin da nake yi da farko shi ne in gudanar da lissafin sau biyu, a gurbi 32 da a gurbi 64, in ga lambobi nawa suka yarda da juna. In bakwai ɗin farko sun kusa haɗuwa, hankalina ya ɗan kwanta. In biyu ne, akwai inda ake yoyo. Sannan in girgiza abin da na shigar a lambarsa ta ƙarshe in ga ko amsa za ta yi tsalle. Sannan in juya jerin tarawar, domin a na'ura wanda aka fara tarawa yana da tasiri: 0.1 da 0.2 sannan 0.3 na ba da 0.6000000000000001, amma 0.2 da 0.3 sannan 0.1 na ba da 0.6. Wannan ne ma ya sa lissafin da aka raba wa na'urori da yawa ke iya sauya wutsiya daga gudu zuwa gudu ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Bayan haka in bi layukan da ido ina farautar alamar ɗebewa, ina tambayar kowace: waɗannan biyun za su taɓa yin kusa da juna? Akwai kuma masu ɗaukar kowace lamba da iyakarta ta sama da ta ƙasa su bi da su har ƙarshe. Amsar tabbatacciya ce, sai dai tazarar kan buɗe har ta daina amfani.

Ga mai tara lambobi masu yawa, Kahan ya bar wata dabara tun 1965 da kowace mai awo a kasuwar Jega za ta gane. Ta shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mudu. Abin da ya zube a wannan awon ta tattara ta zuba a na gaba. A manhaja, bayan kowace tarawa ana lissafa ɗan abin da bai samu shiga ba, a riƙe shi gefe, a haɗa da lamba mai zuwa. Layi huɗu ne, kuma kuskuren ya kusa daina girma da yawan lambobin. Python ma tana da fsum da ke tarawa ba tare da wannan yoyon ba. Wajen kwatanta lambobi biyu kuma, a daina tambayar ko daidai suke. A tambayi ko tazararsu ta gaza wani kaso na girmansu, kuma mai aikin ne zai zaɓi kason da saninsa, ba ya kwafo 0.00001 daga intanet ba.

Akwai ɓarnar da ba ta wutsiya ba ce, ta cikar mudu ce. Rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ranar 4 ga Yunin 1996, ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an zuba lamba mai gurbi 64 a cikakkiyar lamba mai gurbi 16 wadda ba ta wuce 32,767. Na'ura kanta ma takan yi laifi jefi-jefi: a 1994 aka gano Pentium na Intel yana kuskuren rabawa a wasu lambobi, abin da ya ci wa kamfanin dala miliyan 475. Amma a duk lokacin da na zargi ƙarfe, ni nake samu a ƙarshen igiyar.

Kuɗi kuwa ba ya cikin duk wannan, kuma nan ne nake da tsauri. Nauyi da tsawo da zafi aunawa ake yi, kuskure a jininsu yake, ɗigo mai yawo ya dace da su. Kuɗi ƙirgawa ake yi. Hanyar malaman gado ita ce hanyarsa: a nemo asali, a zauna a cikakkun lambobi. Niyyata ta ajiye kobo daidai ce, kuskurena shi ne na bar 4.35 ta fara bi ta ɗigo mai yawo kafin ta zama kobo. Da na gyara, sai manhajar ta riƙa karɓar abin da aka buga a matsayin rubutu, ta raba naira da kobo, ta ajiye 435 kai tsaye. Mai son ɗigo kuma akwai nau'in lissafin goma-goma da aka tanada don haka, decimal a Python, BigDecimal a Java, numeric a rumbunan bayanai.

Ko da hakan, rabawa ba ta barin mutum ya huta. Harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020, yana haifar da ɓangaren kobo, kuma zagaye kowane layi daban ba lallai ya yi daidai da zagaye jimla sau ɗaya ba. Naira 100 a raba wa mutum uku, kowa 33.33, kobo ɗaya ya rage a faifai. Wannan kobon babu ƙa'idar IEEE da ta san mai shi. Na koma wa ma'aji da maganar, na ce manhaja tana buƙatar a gaya mata inda ragowar za ta.

"Mu tun zamanin littafi, abin da ya saura asusu yaka zuwa," ya ce. "Rubuta hakanan. Kuma ka buɗe mai layi nashi, in riƙa ganin shi."

Na buɗe layin, na sa masa suna "ragowar rabo". A ƙarshen kakar nan ya tara naira 11 da kobo 62, kuma dattijon ya bi shi da biro, shafi-shafi, kafin ya sa hannu.